LIKITAN DA YA NEMI ƘURI'ARMU SAU BIYAR: DOKTA EDWARD MAHAMA DA MAGANAR KUƊIN ASIBITI

  

A cikin akwatin takardun da muke riƙe wa dattijonmu akwai wasu tsofaffin littattafai na karo-karo, waɗanda aka fara rubutawa tun kafin a ɗora mana wannan hidima. Wasu da ajami aka rubuta su, wasu da boko. Kwanan baya muka zauna muna gyara su saboda gara ta fara taɓa gefensu, sai idonmu ya tsaya a kan na shekarun 1990. Shafi bayan shafi, dalilin tara kuɗin kusan ɗaya ne: an kai wance asibiti, an ce a kawo kuɗin fiɗa; an sallami wane, amma an riƙe shi sai an biya. Gudummawar aure da ta suna da ta gyaran masallaci duk suna ciki, sai dai ta asibiti ta rinjaye su. Da muka buɗe littattafan da suka biyo bayan 2005, sai muka ga irin waɗannan layuka sun ragu ƙwarai, ko da yake ba su ƙare ba.

Wannan ne ya tuna mana da wani mutum da matasanmu na yau ba su cika sani ba, likita mai fiɗa, ɗan Arewacin Ghana, wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa har sau biyar a ƙarƙashin jam'iyyar masu aƙidar Nkrumah ta gurguzu, bai kuma taɓa kusantar nasara ba. Sunansa Dokta Edward Nasigri Mahama. Kada a rikita shi da marigayi Alhaji Aliu Mahama, ɗan Sarkin Zangon Yendi, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, ko da John Dramani Mahama na Bole. Suna ne ya zo ɗaya, amma gida daban, jam'iyya daban.

ƘASAR DA YA TASO A CIKINTA

An haifi Edward Mahama a shekarar 1945 a Sumniboma, wani ƙauye a ƙasar Mamprusi kusa da Nalerigu, inda fadar Nayiri take. Domin a gane girman abin da ya cim ma, sai an tuna yadda Arewa take a lokacin. Turawan Ingila sun ɗauki yankin a matsayin rumbun 'yan ƙodago, masu zuwa kudu haƙar zinariya da noman koko da aikin soja da na 'yan sanda, don haka ba su damu da yawaita makarantu a can ba. An buɗe babban asibitin Korle Bu a Ankara tun 1923, zamanin Gwamna Guggisberg, amma makarantar sakandare ta farko a duk faɗin Arewa, wato ta Tamale, sai a 1951 aka kafa ta, lokacin yaron yana da shekara shida. Ita ce kuwa makarantar da ya shiga bayan ya gama karatun farko a Nalerigu.

Ta fuskar lafiya ma haka abin yake. Ciwon barci, da makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa, da sanƙarau mai zuwa da bazara, da kurkunu, duk sun yi wa ƙauyukan Arewa katutu. Asibitocin da talaka ya fi dogara da su na 'yan mishan ne: na Presbyterian a Bawku, wanda ya yi suna wajen aikin ido, da na Baptist a Nalerigu, wanda Dokta George Faile ya assasa aka buɗe shi a 1958. Mu ma nan Krachi mun san wannan hali tun kaka da kakanni. Annobar mura ta 1918 ta girgiza garin nan har Alhaji Umaru, Allah ya jiƙansa, ya tsara mata waƙa da Larabci, wadda aka sani da Tunkuyau. Da aka datse kogin Volta a Akosombo, ruwa ya cinye tsohon gari a tsakiyar shekarun 1960, aka tayar da mutum kusan 80,000 daga garuruwansu a duk yankin, sai sabon Krachi ya zama ƙarshen hanya, ruwa ta nan ruwa ta can. Mara lafiyan da aka tura gaba zuwa kudu sai ya jira jirgin fito a Dambai.

Makarantar koyon likita ta Jami'ar Ghana ta yaye ɗalibanta na farko a 1969, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Easmon, ɗan ƙasa na farko da ya ƙware a aikin fiɗa. Edward Mahama ya fito daga cikinta a 1972, yana cikin sahun farko na likitocin da aka horar a gida. Daga nan ya koma Nalerigu ya yi wa mutanensa aiki na 'yan shekaru, kafin ya tafi birnin Chicago na Amurka, inda ya ƙware a fannin haihuwa da cututtukan mata, ya kuma koyar a Jami'ar Northwestern. Ya shafe fiye da shekara goma a can. A 1990 ya dawo gida ya kama koyarwa da aiki a Korle Bu, a 1994 kuma ƙungiyar ƙwararrun likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma ta karɓe shi cikin manyan mambobinta.

Dawowar nan abin lura ce, domin a shekarun da ya dawo, likitocin Ghana fita suke yi. Albashi ba ya kai wata, kayan aiki babu, Ingila da Amurka da Saudiyya kuwa suna kira. Shi sai ya juyo da akalarsa gida.

ZAMANIN BIYA KAFIN A TAƁA KA

Ƙasar da ya tarar ba ita ce wadda ya bari ba. A zamanin Kwame Nkrumah gwamnati ce ke ɗauke da kusan duk nauyin jinya a asibitocinta, daga harajin ƙasa. Bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 aka fara shigo da kuɗin asibiti kaɗan-kaɗan, da dokar 1969 da ta 1971. Sannan 1983 ta zo da fari da gobarar daji da yunwa, ga 'yan Ghana kusan miliyan guda da aka koro daga Nijeriya a lokaci ɗaya. Gwamnatin Rawlings ta rungumi shirin gyaran tattalin arziki na Asusun Lamuni na Duniya, a 1985 aka ɗaga kuɗin asibiti sosai, a 1992 kuma aka kafa tsarin nan da kowa ya sani da kash an kari, wato ka biya kuɗin magani a hannu kafin a ba ka.

Adalci ya sa mu faɗi cewa tsarin yana da dalilinsa. Kafin a kawo shi, kantunan magani na asibitoci sun bushe, likita ya rubuta takarda ka fita kasuwa nema. Da aka ce kowane asibiti ya sayar ya sake saye da kuɗin, magani ya dawo kan kanta. Sai dai ya dawo ne ga mai kuɗi a aljihu. A takarda an yafe wa gajiyayyu da wasu rukunoni, a aikace kuwa yafewar ba ta cika isa ga masu ita ba, mutane da yawa suka ƙaurace wa asibiti suka koma ga mai tallar ƙwaya a tire, ba sa zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsu.

Babu fannin da wannan tsari ya fi yi wa illa kamar fannin Dokta Mahama. Mai hawan jini ko mai gwaiwa yana iya jira a sayar da akuya ran kasuwa. Mai naƙuda ba ta jira. Zubar jini bayan haihuwa tana iya ɗauke mace cikin sa'a biyu. Jijjiga ba ta ba da wa'adi. Doguwar naƙuda, idan ba a yi fiɗa an ciro ɗan ba, sai a rasa ɗa, uwar kuma in ta tsira ta tashi da yoyon fitsari. Masana sun lissafa jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Rashin kuɗi a hannu yana shiga cikin dukkan ukun: maigida yana jan ƙafa don ya san aljihunsa, mai mota ba ya tashi sai an biya shi, a asibiti kuma ga takardar sayen kayan fiɗa tana jira.

Mu shaida ne. Wata rana a cikin waɗannan shekaru, bayan sallar isha'i, aka zo da labarin wata 'yar unguwarmu da naƙuda ta tsananta mata, an kai ta wani asibiti, an ce sai an kawo kuɗin ruwa da jini da zaren ɗinki. Dattijonmu ya tashe mu da fitila da littafi, muka bi gida-gida, wannan ta kwance bakin zanenta, wancan ya ce a dawo da safe. Kafin kuɗin su cika an kusa kiran assalatu. Allah ya ƙaddara uwar ta rayu, jaririn bai rayu ba. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma malamanmu sun karantar da mu cewa imani da ƙaddara ba ya sauke wajibcin riƙo da sababi, kiyaye rai kuma yana cikin manyan manufofin shari'a. Shafin wannan dare yana nan cikin littafin, da sunayen waɗanda suka bayar da abin da kowa ya bayar.

Likitan da ke tsaye a ɗakin fiɗa yana ganin irin wannan dare sau da yawa a wata. Hannunsa ya iya aikin, wuƙarsa tana da kaifi, amma abin da ya jinkirta mara lafiyar an yanke shi ne a ofishin ministan kuɗi da zauren majalisa. Duk wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin ganin likita ya hau dandalin siyasa ba.

WANI MISALI DAGA ITALIYA

Wannan hanya tsohuwa ce, kuma ƙasar da ta fi yawan masu bin ta a tarihi tana iya zama Italiya. A ƙarshen ƙarni na 19 kowace ƙaramar hukuma a can tana ɗaukar likita guda da albashi domin ya duba talakawanta kyauta. Ɗaya daga cikinsu shi ne Nicola Badaloni, wanda aka haifa a 1854, ya yi aiki a garin Trecenta a yankin Polesine, ƙasar fadama a bakin kogin Po. Manoman wurin 'yan ƙodago ne a gonakin masu ƙasa, abincinsu safe da dare tuwon masara ne, ba nama ba madara. Sai wata cuta da ake kira pelagra ta addabe su: fata ta ƙone ta sassaɓe, ciki ya ɓaci, a ƙarshe hankali ya gushe. Ƙidayar 1881 ta sami masu cutar fiye da 100,000 a ƙasar. Sai a 1937 aka tabbatar cewa rashin wani sinadari ne mai suna niyasin a cikin abinci ke kawo ta, amma tun kafin nan likitocin ƙauye sun lura cewa ba ta shiga gidan mai ƙasa. Maganinta na gaskiya shi ne lada mai kyau da tukunya mai nama, wannan kuwa ba ya cikin jakar likita.

Badaloni ya tsaya tare da manoman, aka zaɓe shi ɗan majalisa a 1886, ya zama cikin wakilan Jam'iyyar Gurguzu ta Italiya, wadda aka kafa a birnin Genoa a 1892, shekarar da yaƙin basasar Salaga ya watsa kakanninmu zuwa Krachi da Yendi da sauran zanguna. Ya daɗe a majalisa yana fafutukar lafiyar manoma, aka naɗa shi sanata a 1920, ya rasu a Trecenta a 1945, shekarar da aka haifi Edward Mahama. A zamaninsa majalisar Italiya ta yi dokar 1900 da ta sa gwamnati ta riƙa sayar da kwinin da araha saboda zazzaɓin cizon sauro, da dokar 1902 a kan pelagra. Amma tsarin jinya na ƙasa mai rufe kowa da kowa bai tabbata a Italiya ba sai 1978, shekara 33 bayan rasuwarsa. Mai dasa dabino ba lalle ne ya ci 'ya'yansa ba.

A ƙasar Hausa ma akwai makamancin haka. Dokta Barau Dikko na Wusasa ta Zariya, likitan farko a Arewacin Nijeriya, yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, ko da yake shi ba ɗan gurguzu ba ne. Sunansa ke kan babban asibitin koyarwa na jihar Kaduna a yau.

TUTAR KWAKWA

Gidan siyasar da Dokta Mahama ya shiga yana da asali. Bayan an hamɓarar da Nkrumah an haramta jam'iyyarsa ta CPP, sai Alhaji Imoru Egala na Tumu ya tattara magoya bayanta ya kafa PNP a 1979, ta tsayar da Dokta Hilla Limann na Gwollu, ya zama ɗan Arewa na farko da aka zaɓa shugaban ƙasa. Mulkinsa bai wuce wata 27 ba, Rawlings ya kifar da shi ranar 31 ga Disamba 1981. Da aka dawo siyasar jam'iyyu a 1992, Limann ya kafa PNC mai alamar bishiyar kwakwa, ya sami kashi 6.7 cikin ɗari. Aƙidarta ita ce ta Nkrumah: ilimi da lafiya haƙƙin ɗan ƙasa ne, gwamnati ce kuma za ta tsaya a kansu, kasuwa ba ta isa ta raba su da adalci ba.

A 1996 jam'iyyar ta miƙa tutarta ga likitan. Ga yadda ƙuri'unsa suka kasance: kashi 3.0 cikin ɗari a 1996, kashi 2.9 a 2000, kashi 1.9 a 2004, ƙasa da kashi 1 a 2008, sai kashi 0.2 a 2016. A 2012 bai tsaya ba, domin Hassan Ayariga ɗan Bawku ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani na jam'iyya. Duk wanda ya dubi jerin nan zai ga ruwa ne mai janyewa shekara bayan shekara.

Shekarar da ƙuri'arsa ta yi nauyi ita ce 2000. A zagayen farko John Kufuor na NPP ya sami kashi 48, John Atta Mills na NDC ya sami kashi 44 da ɗoriya, Mahama ya zo na uku. Babu wanda ya haye rabi, sai aka tafi zagaye na biyu ranar 28 ga Disamba. Mahama da sauran ƙananan 'yan takara suka mara wa Kufuor baya, ya ci, aka yi miƙa mulki na farko daga zaɓaɓɓiyar gwamnati zuwa 'yan hamayya a tarihin Ghana. Wannan mataki bai yi wa kowa daɗi a zanguna ba, domin dattawanmu ba su manta da korar baƙi ta Nuwamba 1969 a zamanin Busia ba, NPP kuwa daga wannan tsatso ta fito. Wasu suka ce magajin Nkrumah ya haɗa kai da magadan abokan gabar Nkrumah. Wasu suka ce shekara 19 ta Rawlings ta isa, canji ya wajaba. Har yau in an tayar da maganar a majalisar dattijonmu ba a rabuwa a kan ra'ayi ɗaya.

KATIN DA YA SAUYA LITTAFINMU

A 2003 majalisa ta zartar da doka mai lamba 650, wadda ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa. An ɗora ta a kan harajin kashi 2.5 cikin ɗari na kayan saye da sayarwa, da kashi 2.5 daga gudummawar fanshon ma'aikata, da ɗan kuɗin shekara da sauran jama'a ke biya. An yafe wa yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi daga shekara 70, da gajiyayyu. A 2008 aka ƙara da kula da masu ciki da haihuwa kyauta. A 2012 doka mai lamba 852 ta haɗe tsare-tsaren gundumomi wuri guda.

Wa ke da wannan alheri? Magoya bayan PNC sun daɗe suna cewa ɗan takararsu ne ya riƙa yayata inshorar lafiya a kan dandali tun ana yi mata kallon mafarki, manyan jam'iyyu suka ɗauka daga baya. Gaskiya ne ya yi kiran, kuma kira daga bakin likita yana da nauyin da ba ya samuwa a bakin wani. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, tarihin ya fi haka faɗi. Tun 1992 asibitin Katolika na Nkoranza ya fara inshorar al'umma, Damongo ta bi sahu a tsakiyar shekarun 1990, gwamnatin NDC ta yi nata gwaje-gwajen, NPP kuma ta yi alkawarin soke kash an kari a yaƙin zaɓen 2000, ita ce kuma ta cika shi. Ɗan majalisar PNC daga ƙasar Sisala, Moses Dani Baah, ya riƙe muƙamin mataimakin ministan lafiya a gwamnatin Kufuor. Hannu da yawa ne suka ɗauki jinkar, na likitan yana ciki.

Abin da muke ganin shi ne rabonsa na musamman shi ne wannan: ƙaramin ɗan takara mai magana ɗaya, wanda ba ya gajiya da maimaita ta, yana tilasta wa manya su ba da amsa. Idan tazarar da ke tsakanin manyan biyu kashi uku ce ko huɗu, mai kashi uku ba abin rainawa ba ne, maganarsa kuma sai a saye ta ko da ba a sayi shi ba.

ABIN DA MUKE AUNAWA

Me ya sa bai ci ba, alhali kusan kowa na yaba halinsa? Dalili na farko, tsarin zaɓen Ghana tun 1992 ya daskare a kan jam'iyyu biyu, talaka kuwa ba ya son jefa ƙuri'arsa inda yake ganin za ta faɗi. Na biyu, gidan Nkrumah ya rabu, CPP da PNC sun yi ta zaman sulhu ba su haɗe ba, NDC kuma ta kwashe mafi yawan magoya bayansu a Arewa da zanguna. Na uku, siyasa tana cin kuɗi, jam'iyyar da ba ta da gwamnati ba ta da attajirai ba ta iya ajiye wakili a kowace rumfar zaɓe. Na huɗu, an yi wa PNC kallon jam'iyyar 'yan Arewa, kujerunta na majalisa, waɗanda ba su taɓa wuce huɗu ba, kusan duk daga can suke.

Na biyar kuwa namu ne, sai mu faɗe shi ba kunya. Da yawa daga cikinmu mun saurare shi a rediyo mun ce wannan mutum gaskiya yake faɗa, ranar zaɓe kuma muka dangwala wa wanda ya kawo buhun shinkafa da siga a watan azumi, ko wanda ya yi alkawarin kujerar Makka. Ba muna cewa wajibi ne a zaɓe shi ba, kowa da hujjarsa. Muna cewa ne a cikin tambayoyin da muke yi wa 'yan siyasa idan sun zo gaishe da sarakunan zango, tambayar asibiti ba ta cika zuwa a farko ba, alhali littafin karo-karonmu ya nuna ita ce ta fi cin aljihunmu.

Akwai kuma masu cewa da ya tsaya a ɗakin fiɗa da ajin koyarwa da ya fi amfanar jama'a, domin Arewa na ƙishin ƙwararrun likitoci, duk sa'ar da ya ɓatar a kan dandali kuwa sa'a ce da wata mai naƙuda ta rasa. Maganar tana da ƙarfi. Amsarmu ita ce bai ajiye aikin likita ba a tsawon shekarun siyasarsa, sannan doka guda mai kyau tana isa ɗakunan haihuwa dubu a dare ɗaya, abin da hannu biyu ba za su iya ba komai ƙwarewarsu. A 2017 Shugaba Akufo-Addo ya naɗa shi jakada na musamman, a zaɓen 2020 kuma David Apasera ne ya ɗauki tutar kwakwa.

Yaƙin da ya shiga bai ƙare ba. Katin inshora yana nan, amma asibitoci na kukan jinkirin biyansu, wani lokaci a ce maganin babu sai a kanti, wasu manyan cututtuka kuma katin bai rufe su duka ba. An kafa Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa a Tamale a 1992, tana yaye likitoci, amma har yanzu ƙwararru sun fi taruwa a Ankara da Kumasi. An ba mu yankin Oti a 2019, hedikwata a Dambai, nisan da ke tsakanin mai naƙuda a ƙauyen bakin tafki da ɗakin fiɗa kuwa bai ragu da ƙirƙirar yanki ba.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa abu uku. Kowane magidanci ya duba katin iyalinsa, wanda ya mutu a sabunta shi, yanzu da waya ake yi ta lambar *929#, kada a bari sai daren naƙuda. Iyaye su ƙarfafa 'ya'yansu maza da mata a kan karatun likita da ungozoma da jinya, tare da karatun allo da na litattafai, domin malamai sun sanya ilimin magani cikin farillan da idan al'umma duka ta bari, duka ta yi laifi. Sannan duk ɗan takarar da ya shimfiɗa tabarma a gaban dattawanmu, ko wace tuta ya riƙo, a tambaye shi likita nawa ke asibitin gundumarmu, motar ɗaukar marasa lafiya tana tashi ko ba ta tashi, yaushe aka biya asibitin kuɗin inshora. A rubuta amsarsa da kwanan wata. Mu dai alƙalaminmu da littafinmu suna nan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa duk wanda ya yi wa bayinsa hidima. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka yi kuskure daga gare mu ne, muna kuma maraba da gyaran masana.